Farfesan ƙididdigar nazari: aikinsa, bincikensa da hanyar kaiwa kujerar. Tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai da iyaye a nan Kano suka saba yi a kan fannin ƙididdiga, musamman ɓangarensa na nazari, wanda ke kula da ƙa'idojin da sauran aikin ya doru a kansu. Wasu daga 'yan ajin ƙarshe na sakandare masu shirin JAMB suke fitowa, wasu kuma daga masu digiri na biyu da suka fara hangen aikin koyarwa a jami'a.

Malam, shin aikin farfesan ƙididdiga ba ƙirga mutane da kaya ba ne?

Ƙirge aikin hukumomi ne, irin su Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da takwararta ta jihar Kano. Tambayar da ke gaban masanin nazari daban take: idan kaɗan ka gani daga abu mai yawa, me za ka iya faɗa a kan dukkansa, kuma har ina za a yarda da maganarka?

Duk wanda ya taɓa shiga Dawanau ya ga tushen abin. Mai saye ba ya zazzage buhun gero. Yakan soka ƙarfen nan mai rami a gindin buhu, ya soka a tsakiya, ya soka kusa da baki, ya tara abin da ya zubo a tafin hannunsa, ya hura, ya duba tsakuwa da ƙaiƙayi, sannan ya yi tayi. Bai soka wuri ɗaya ba domin ya san akwai mai zuba na kirki a sama. Masanin ƙididdiga wannan dabarar ya mayar lissafi: soka nawa ya isa, a ina, kuma kuskuren da ya rage nawa ne.

Amsar takan ba mutane mamaki. Idan aka zaɓo mutum 1,000 ta hanyar ƙuri'a ta gaskiya, aka tambaye su eh ko a'a, sakamakon yakan kauce wa na jama'a duka da abin da bai wuce kusan kashi 3 cikin ɗari ba, a sau 95 cikin 100. Ko garin na da mutum dubu ɗari biyar ko miliyan goma, lissafin kusan ɗaya ne. In kana so ka rage kuskuren zuwa rabi, ninka mutanen sau biyu bai isa ba, sai sau huɗu, wato 4,000. Wani ne ya zauna ya kafa hujjar wannan da alƙalami, kuma irin aikinsa muke magana a kai.

To mene ne bambancin ƙididdigar nazari da ta aiki?

Mai ƙididdigar aiki yana ɗaukar hanyar da aka riga aka tabbatar ya yi amfani da ita a kan bayanan asibiti ko gona ko banki. Mai nazari shi ke ƙera hanyar, ya nuna sharuɗɗan da take aiki a ƙarƙashinsu, da wurin da take karyewa.

Amma kada a ɗauka ba sa haɗuwa. Ronald Fisher, wanda maƙalarsa ta 1922 ta aza harsashin fannin na zamani, a tashar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila ya fara aiki a 1919, cikin tarin bayanan taki da alkama na shekara da shekaru. Daga matsalar gona ya fito da ƙa'idar raba filin gwaji kashi-kashi da jefa ƙuri'a wajen sanin wane iri za a shuka a ina. Masu binciken wake a tashar IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, da ke Kano da masana noma na Jami'ar Bayero a kan wannan tsarin suke gwada iri har yau.

Wane irin bincike farfesan nazari yake yi?

Ba mai riƙe fannin duka. Kowa yakan kama lungu ɗaya ko biyu ya tsufa a ciki.

Mafi daɗewa shi ne ƙiyasi. Akwai adadin da ba mu sani ba, misali yawan buhunan da kadada ɗaya ke bayarwa a Kura, kuma akwai hanyoyi da yawa na ƙiyasta shi daga gonaki kaɗan. Wacce ta fi? A 1945 wani matashi ɗan Indiya, C. R. Rao, wanda bai wuce shekara 25 ba, ya nuna cewa akwai iyakar da ƙiyasi mara son kai ba zai taɓa wuce ta ba wajen daidaito, komai gwanintar mai yin sa. Harald Cramér na Suwidin ya kai ga wannan sakamako shi ma, shi ya sa ake kiran iyakar da sunayensu biyu. Amfaninta babba ne: in hanyarka ta taɓa iyakar, ka huta da neman wadda ta fi ta. Rao ya rasu a 2023 yana da shekara 102.

Sai gwajin hasashe. An ba wasu majiyyata sabon magani, sun fi samun sauƙi da ɗan kaɗan. Maganin ne, ko dace ne kawai? Jerzy Neyman da Egon Pearson, a 1933, suka tsara abin a matsayin kuskure iri biyu: ka ce magani na aiki alhali ba ya yi, ko ka watsar da shi alhali yana yi. Rage ɗaya yakan ƙara ɗayan, sai dai in an ƙara yawan majiyyatan.

Akwai masu bin tafarkin Thomas Bayes, wanda aka buga aikinsa a 1763 bayan mutuwarsa. Su tambayarsu ita ce yadda sabuwar shaida ya kamata ta sauya abin da ka riga ka sani. Ga misali na ƙirƙira domin a fahimta. A ce cuta tana kama mutum 1 cikin 100, gwajinta kuma yana gano kashi 90 na masu ita, yana kuma yi wa kashi 5 na masu lafiya ƙarya. A gwada mutum 10,000. Masu cutar 100 ne, gwaji zai kama 90. Masu lafiya 9,900 ne, gwaji zai nuna 495 daga cikinsu suna da ita. Ke nan cikin mutum 585 da aka ce suna da cutar, 90 ne kaɗai masu ita, kusan kashi 15 cikin ɗari. Dalilin da ya sa likita ke cewa a sake gwaji ke nan, kuma ni a ganina duk ɗalibin likitanci ya kamata ya iya wannan lissafin da ka kafin ya fara duba marasa lafiya.

Sauran lungunan sun haɗa da nazarin abubuwan da ba safai suke faruwa ba irin babbar ambaliya, da nazarin bayanan da ke biye da juna a kan lokaci irin farashin masara wata bayan wata, da nazarin tsawon rayuwar majiyyaci bayan magani, wanda aikin David Cox na 1972 ya sauya masa fasali. Na baya-bayan nan shi ne yanayin da abubuwan da ake aunawa suka fi mutanen da aka auna yawa, kamar a binciken ƙwayoyin gado.

Akwai ɗan Najeriya da ya yi suna a wannan ɓangaren?

Akwai. James Nwoye Adichie na Jami'ar Najeriya da ke Nsukka shi ake ɗauka a matsayin farfesan ƙididdiga na farko a ƙasar nan. Ya yi digirin digirgir a Berkeley ta Amurka a 1966, ya zama farfesa a 1976, ya rasu a 2020. Bincikensa a kan hanyoyin da ke aiki da jerin matsayi ne, wato na ɗaya, na biyu, na uku, maimakon ainihin girman lambobin.

Me ya sa wannan ya zama abin bincike? A ce 'yan kasuwa biyar ne, cinikinsu na yini naira dubu 10, dubu 12, dubu 13, dubu 15, na biyar kuma babban dila ne mai dubu 500. In ka tara ka raba biyar za ka sami dubu 110, adadin da bai yi kama da cinikin ko ɗayansu ba. In ka jera su ka ɗauki na tsakiya, dubu 13 za ka samu. Mutum ɗaya ya ja matsakaicin farko ya kai shi inda ya so, bai iya motsa na biyu ba. Bayanan ƙasarmu cike suke da irin wannan dilan, da kuma kuskuren mai rubutawa da ya ƙara sifiri ɗaya, don haka hanyoyin da ba sa girgiza da irin wannan sun fi dacewa da mu fiye da yadda ake ba su muhimmanci a ajujuwanmu.

Yaya yinin aikinsa yake? Kullum a gaban kwamfuta?

Rabin lokacin lacca ce da duba kundin ɗalibai da zaman kwamiti. Binciken kansa da takarda da biro yake farawa. Za ka same shi bayan la'asar, ofis ya yi shiru, allo cike da alamomi, yana ƙoƙarin nuna cewa wata hanyar ƙiyasi tana matsowa kusa da gaskiya yayin da bayanai ke ƙaruwa. Layi ɗaya na iya tsayar da shi wata guda. In hujjar ta tsaya, sai ya koma kwamfuta, ya sa manhajar R ta ƙirƙiro masa bayanan gwaji sau dubu goma waɗanda shi ya san amsarsu tun farko, ya ga ko hanyar tana gano ta. Hujja tana magana ne a kan bayanai masu ɗimbin yawa, shi kuwa yana so ya san abin da zai faru in majiyyata talatin kawai aka samu.

Wannan yana daga cikin abin da ke sa nake kwaɗaitar da yaranmu fannin. Ba ya buƙatar ɗakin gwaji na miliyoyi. Ƙaramar kwamfuta, intanet, da malami nagari sun isa a yi aikin da za a karanta a ko'ina.

Wace hanya ake bi har a kai ga farfesa?

Daga sakandare, a sami sakamako mai kyau a lissafi da Turanci da darussan kimiyya, in da hali a haɗa da lissafi mai zurfi. Digirin farko shekara huɗu ne, a ƙididdiga ko a lissafi. Wasu jami'o'in sun ware wa ƙididdiga sashenta, wasu tana cikin sashen lissafi. Ɗan Kano yana da Jami'ar Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, da Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, ga kuma ABU a Zariya ba nisa.

Bayan yi wa ƙasa hidima, wanda ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba yana iya samun gurbin mai koyon aikin koyarwa. Digiri na biyu ya kai shi mataimakin malami. Digirin digirgir ya buɗe masa sauran matakan: malami mai daraja ta biyu, mai daraja ta ɗaya, babban malami, mataimakin farfesa, sannan farfesa. A yawancin jami'o'inmu sai an yi aƙalla shekara uku a mataki kafin a nemi na gaba. A matakai biyu na ƙarshe ba 'yan gida kaɗai ke yanke hukunci ba. Ana tattara rubuce-rubucen mutum a aika wa farfesoshin wasu jami'o'i su tantance a asirce, kuma jiran amsarsu kaɗai yakan ci watanni, wani lokaci fiye da shekara.

Shekara nawa ke nan gaba ɗaya?

Daga shiga jami'a zuwa kujerar, wanda komai ya tafi masa daidai zai yi shekara ashirin da 'yan kai. Yajin aiki na ƙara tsawon hanyar. Na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Farfesa kuma yana ritaya ne a shekara 70.

Na ji an ce yawan maƙalu ne ke kai mutum. Haka ne?

Tsarin ƙarin girma maki yake ƙirgawa, wannan gaskiya ne, kuma ya haifar da wata al'ada da ke damuna ƙwarai. An sami hanya mai sauƙi: a ɗauki wani sanannen tsarin rabuwar bayanai, irin na Weibull, a ƙara masa ma'auni ɗaya ko biyu, a raɗa masa sabon suna, a fitar da siffofinsa bisa matakan da kowa ya haddace, a gwada shi a kan tsofaffin bayanan da ɗaruruwan maƙalu suka riga suka yi amfani da su, a ce ya fi na baya dacewa. Dole ya fi dacewa, tunda duk tsarin da aka ƙara wa ma'auni zai ƙara lanƙwasuwa ya bi bayanai. A matsayin atisaye ga mai digiri na biyu ba laifi. Amma mutum ya gina rayuwarsa ta ilimi a kan maimaita wannan sau arba'in, asara ce gare shi da ƙasar.

Ga matsaloli nan a ƙofar gida da ke jiran mai nazari. Yaya za a zaɓi samfuri na gaskiya a unguwar da gidajenta ba su da lamba, kuma gida ɗaya na ɗauke da iyali biyar? Yaya za a gyara bayanan shekaru, tunda mutanenmu da yawa kan ce talatin ko arba'in ko hamsin saboda ba su da takardar haihuwa? Yaya za a ƙiyasta yawan mutanen ƙaramar hukuma alhali ƙidayar ƙarshe ta 2006 ce? Kowace cikinsu tana buƙatar sabuwar ƙa'ida da hujjarta, kuma wanda ya warware ɗaya za a neme shi daga ƙasashen da ke da irin matsalar.

A guji kuma mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin sati biyu. Mujallar kirki takan riƙe maƙala watanni, ta dawo da ita da gyare-gyare masu zafi, ko ta ƙi ta gaba ɗaya.

Lissafin yiwuwar abu bai ci karo da imani da ƙaddara ba?

Iyaye sukan yi wannan tambayar, kuma tana bisa hanya. Gaskiya ne cewa wasiƙun masana lissafi 'yan Faransa Pascal da Fermat na 1654, inda ilimin ya fara tsayuwa a Turai, a kan matsalar caca suke. Amma abin da ilimin ke aunawa shi ne iyakar saninmu mu 'yan Adam. Idan aka ce yiwuwar ruwa gobe kashi 70 ce, ma'anarta a ranaku masu irin wannan yanayi da aka gani a baya, an yi ruwa a bakwai cikin goma. Ba wanda ya ce ya san gaibu, kuma ba duba ba ne. Sanin gobe sai Allah. Manomin da ya ga hadari ya kwashe shanyarsa bai yi jayayya da ƙaddara ba.

Malaman Musulunci ma suna da hannu a farkon abin. Al-Kindi, a Bagadaza a ƙarni na tara, ya bayyana yadda ake warware rubutun sirri ta hanyar ƙirga yawan fitowar kowane harafi a kwatanta da yadda haruffan ke fitowa a Larabci na yau da kullum. Masu tarihin fannin suna lissafa wannan cikin mafi daɗewar misalan fitar da hukunci daga alƙaluma.

Wane amfani talakan Kano zai samu daga wannan nazarin?

Bai cika ganinsa da ido ba, amma yana shafarsa. A lokacin yaƙi da shan inna, bayan kowane zagayen riga-kafi akan zaɓi yara kaɗan bisa ƙa'ida a ƙaramar hukuma, a duba alamar da aka shafa musu a yatsa, daga nan a yanke ko aikin ya yi ko a sake shi. Wannan hanya daga masana'antun Amurka ta samo asali, inda ake duba kaya kaɗan a karɓi kaso ko a mayar. A 2020 aka ayyana Najeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Sai batun ruwa. Bayan ambaliyar 1953 da ta kashe mutum fiye da 1,800 a Holan, masana lissafi suka taimaka wajen tsayar da tsayin ganuwar teku a kan irin ambaliyar da ake sa ran ta sau ɗaya cikin shekara 10,000, alhali bayanan da ke hannu ba su kai ko kusa da haka ba. Ƙa'idar abubuwa masu wuyar aukuwa ce ta sa hakan ya yiwu. Mu da muke zaune ƙasa da madatsun Tiga da Challawa, muka kuma ga abin da fashewar madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a 2024, muna buƙatar masu wannan ilimi a cikinmu.

Akwai kuma kare jama'a daga ruɗuwa da lamba. Rashin aikin yi a Najeriya an ce kashi 33.3 ne a ƙarshen 2020, sai ga shi kashi 4.1 a farkon 2023. Ba ayyuka ne suka samu ba, ma'anar "mai aiki" aka sauya, ta koma duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na aƙalla awa ɗaya a mako, bisa tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. Lambobin biyu ba sa kwatantuwa. Bayyana wa mutane wannan a rediyo da harshen da suke ji yana cikin haƙƙin da ke kan farfesan ƙididdiga, kuma kaɗan ne ke sauke shi.

Yanzu da kwamfuta ke koyo da kanta, fannin bai mutu ba?

A'a. Yawancin abin da ake kira koyon na'ura a kan yiwuwa da ƙiyasi ya tsaya. Kwamfuta tun da daɗewa take sauya fannin: a 1979 Bradley Efron ya fito da dabarar sake ɗibar samfuri daga cikin samfurin da ke hannu sau da yawa domin auna kuskure, sannan masu nazari suka shafe shekaru suna tantance inda dabarar ke aiki da inda ba ta yi. Manyan manhajojin yau ma suna ba da amsa ba tare da faɗin yadda za a dogara da ita ba, kuma cike wannan giɓin shi ne aikin da ake rububin masu yin sa.

Ba ni da ƙarfi a lissafi. Zan iya?

Ƙididdigar aiki, mai yiwuwa, in ka dage. Ta nazari kuwa sai da lissafi mai zurfi: kalkulas, aljabarar jeri, nazarin lambobi na haƙiƙa, da ƙa'idar awo wadda masanin lissafi ɗan Rasha Kolmogorov ya ɗora ilimin yiwuwa a kanta a 1933. Amma ka bambance rashin ƙarfi da rashin samun malami. Da yawa daga masu cewa ba sa gane lissafi ba a taɓa koya musu shi da kyau ba ne.

'Yata ce ke so. Fannin ya dace da mace?

Ya dace, Hajiya. Florence Nightingale da aka sani da aikin jinya, da alƙaluma ta nuna wa hukumomin Ingila cewa cututtukan ƙazanta sun fi raunin yaƙi kashe sojoji, kuma a 1858 ta zama mace ta farko a ƙungiyar masana ƙididdiga ta ƙasar. Aikin nazari ba ya buƙatar yawan tafiye-tafiye, ana iya yin mafi yawansa daga gida ko ofis. Abin da za ta fi buƙata shi ne goyon bayan gida a shekarun digirin digirgir, domin sukan zo daidai da lokacin aure da goyo.

Ina shirin digirin digirgir. A gida zan yi ko a waje, kuma yaya zan zaɓi mai duba ni?

In kana koyarwa a jami'ar gwamnati, asusun TETFund na ba da tallafin ƙaro karatu ta hannun jami'arka, sai ka bi ofishin da ke kula da shi ka ji sharuɗɗan shekarar, domin sukan sauya. Akwai kuma cibiyar AIMS mai rassa a Afirka ta Kudu da Ghana da Senegal da Kamaru da Ruwanda, wadda ke ba da digiri na biyu a kimiyyar lissafi da cikakken tallafi, kuma ɗalibanta da yawa daga nan suke wucewa digirin digirgir.

Gida ko waje, mai dubawa ya fi sunan jami'a muhimmanci. Kafin ka je wurinsa, nemo maƙalunsa uku na baya-bayan nan ka karanta. Duba ko akwai ƙa'ida da hujja a ciki, ko jadawali ne kawai. Duba mujallun da suka buga su. Sannan ka nemi ɗalibansa biyu da suka gama, ka tambaye su shekara nawa suka yi, da kuma kwana nawa babi ke yi a teburinsa kafin ya dawo da gyara. Ranar da za ka same shi, ka je da tambaya ɗaya da ka rubuta a shafi guda, tare da abin da ka gwada da inda ka maƙale.